"Bincike ya nuna mata...": wane bincike, kuma waɗanne mata?

Duk wanda ke cikin gurup ɗin WhatsApp na ɗalibai a nan Yamai ya san irin saƙon ga. Ana turo shi da hoto ko da bidiyon TikTok, wani lokaci da Faransanci, wani lokaci wani ya karanto shi da Hausa cikin vokal, kuma kullum farkonshi ɗaya ne: bincike ya nuna. Bincike ya nuna mace na faɗin kalma 20,000 a yini namiji 7,000. Bincike ya nuna babu maƙiyin mace sai mace. Bincike ya nuna mata sun fi tausayi, ba su son takara, lissafi ba nasu ba ne. Daga nan sai gardama ta tashi, a fadar samari ta Harobanda ana cewa ai dama mun faɗa, a ɗakunan ƴan mata na site, wurin kwanan ɗaliban jami'a, wasu na jin haushi wasu na cewa wallahi akwai gaskiya ciki, kuma abin ba a waya yake tsayawa ba, don irin zancen ga ne wani uba zai ji a kasuwa ya riƙe shi har ranar da ɗiyarshi ta samu bak ana shawarar fannin da za ta karanta.

Binciken dai akwai shi, ba duka ne ƙirƙira ba. Masana halayyar ɗan Adam, waɗanda ƴan jami'a ke ce ma masu sikoloji, sun daɗe suna auna yadda maza da mata ke hulɗa da jama'a, kuma kaso mai yawa na aikin a kan ɗalibai mata na jami'a anka yi shi. Sai dai tsakanin abin da anka rubuta a mujallar kimiyya da abin da ya iso wayarka akwai tafiya mai nisa, kuma a hanya ne ake yar da su wa anka auna, da mi anka auna su, da girman bambancin da anka samu.

Mi ake nufi da bambanci

Binciken halayya shi ne a auna abin da mutane ke yi, ko abin da suke cewa suna yi, kuma biyun ba ɗaya ba ne. Akwai anket, a ba mutum takarda ya cika, kana tausayin mutane, ƙwarai ko kaɗan ko sam. Akwai gwaji, a kawo mutane ɗaki a sa su wani aiki, a canza abu guda a ga ko halinsu zai canza. Akwai kuma bin mutane ana lura da su cikin rayuwarsu ta yau da kullum. A wasu halayen, musamman tausayi, tazarar maza da mata ta fi fitowa babba a anket inda mutum ke ba da shaidar kanshi, sai ta ragu in anka koma ga abin da ya aikata.

Kalmar jinsi ma abu biyu take ɗauke da su a Hausa. Akwai halitta, jiki da sinadaranshi, akwai kuma matsayin da al'umma ta ware ma mace da namiji, wa ke girki, wa ke fita, wa ke magana a taro. In anka ga bambanci a hali, gano wanne daga cikin biyun ya kawo shi wani aiki ne daban, kuma nan ne masanan kansu ke rabuwa.

Sai babbar kalmar, muwayen, wato matsakaicin maki. Duk wanda ya yi lakwal ya san ta. A ce klas A na da muwayen 11, klas B na da 11 da rabi. Gaskiya ne B ta fi A, amma in ka shiga A za ka tarar da mai 16, in ka shiga B za ka tarar da mai 6, kuma in anka ɗauko maka yaro guda anka ce makinshi 12, faɗi klas ɗinshi, ba ka iyawa sai dai canke. Duk inda ka ji bincike ya nuna mata sun fi maza kaza, muwayen ake nufi. Ko tsawo, da maza sunka fi mata da tazara babba wadda ido ke gani, kowa ya san doguwar mace da ta ɗara mijinta, to mafi yawan bambancin halayya bai kai ko kusa da na tsawo ba.

A 2005 wata malama a jami'ar Wisconsin ta Amurka, Janet Hyde, ta tattara manyan nazarce-nazarce 46, kowane ɗayansu shi ma tarin bincike ne masu yawa anka haɗa wuri guda, ta tarar kashi 78 cikin ɗari na bambance-bambancen da anka auna ko dai ƙanana ne ko kusan babu su. Ba ta ce maza da mata ɗaya ne a komai ba. Ta samu tazara babba a ƙarfin jifa da nisanshi da wasu halaye da sunka shafi sha'awa, a faɗa na duka ma maza na gaba da tazara matsakaiciya.

Domi kullum ɗaliban jami'a

Dalilin ba na kimiyya ba ne, sauƙi ne kawai. Mai binciken malami ne, ɗalibai na gabanshi a amfi, babban ɗakin lacca, a jami'o'in Amurka da yawa ma shiga gwaji na cikin abin da ake nema ga ɗan shekarar farko na sikoloji, kuma a wannan sashen mata sun fi yawa. A 2010 wasu malamai uku na jami'ar British Columbia a Kanada, Joseph Henrich da Steven Heine da Ara Norenzayan, sunka fito da abin a fili: cikin manyan mujallun fannin da anka duba, kashi 96 cikin ɗari na mutanen da anka yi gwaji a kansu sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na jama'ar duniya ba, Amurka ita kaɗai kashi 68, Afirka kuwa ko kashi 1 ba ta kai ba. Kenan "mata" da ke cikin saƙon WhatsApp, sau tari budurwa ce ƴar shekara 19 a wata jami'ar Amurka, ba ta da aure, ba ta da ɗa, ba ta aika ma iyayenta a ƙauye da ragowar burs, kuɗin tallafin karatu.

Duk da haka akwai tsohon bincike guda da ya cancanci a tsaya a kanshi, don abin da ya gano kowa na iya ganinshi a site ɗinmu. Daga 1935 zuwa 1939 Theodore Newcomb ya bi ɗaliban kwalejin Bennington, makarantar mata zalla ce a lokacin, ɗiyan masu kuɗi masu ra'ayin riƙau. A zaɓen shugaban Amurka na 1936 kashi 62 na sabbin shiga ɗan takarar da gidajensu ke so sunka bi, amma cikin waɗanda sunka kai shekara ta uku da ta huɗu masu binshi ba su kai kashi 20 ba. Ba lacca kaɗai ta juya su ba, zama da ƙawaye ne da son samun karɓuwa wurin manyan ɗalibai da ake ganin girmansu. Waɗanda ba su canza ba galibi su ne waɗanda zuciyarsu ta tsaya a gida. Da anka sake neman matan bayan shekaru masu yawa, anka tarar mafi yawansu na nan kan ra'ayin da sunka ɗauko a makaranta. Zama da maɗaukin kanwa kenan, sai dai a lura binciken bai haɗa da maza ba, bai ce mata sun fi saurin bin ƙawaye ba, abin da ya nuna ƙarfin wurin zama ne.

Surutu

Lissafin 20,000 da 7,000 ba daga wani awo ya fito ba, daga littafi zuwa littafi ya riƙa yawo har ya zama kamar aya. Da anka zo auna abin da gaske a 2007, Matthias Mehl da abokan aikinshi sunka rataya ma ɗalibai 396 na Amurka da Meziko wata ƴar na'ura da ke ɗaukar sauti na daƙiƙa 30 kowane minti 12 da rabi, kwana da kwanaki. Mata kalma 16,215 a yini, maza 15,669. Tazarar da ke tsakanin mutum da mutum ce mai ban mamaki, wani bai kai kalma 1,000 ba wani ya haura 45,000.

A 2025 sunka sake aikin da mutum fiye da 2,000 masu shekaru daban-daban, nan kam anka samu wani abu: tsakanin shekara 25 zuwa 64 mata sun ɗara maza da wajen kalma 3,000 a yini, amma a shekarun jami'a tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Masu binciken na zargin raino ne, uwa da yara duk yini magana ce.

Ƙawance, tausayi da damuwa

Nan ne zancen ya fi nauyi, don nan ne anka fi samun bambancin da ke maimaita kanshi. Shekara da shekaru ana koyar da cewa in mutum ya shiga tashin hankali abu biyu yake yi, ya yi faɗa ko ya gudu. A shekarar 2000 Shelley Taylor ta jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta nuna cewa kafin 1995 mata wajen kashi 17 ne kawai na waɗanda anka auna jikinsu a irin gwaje-gwajen nan, wato ƙa'idar da anka ce ta ɗan Adam ce a kan maza anka gina ta. Ta ce mata na da wata hanya da sunka fi bi, su tattara na ƙasa da su su kula da su, su kuma nemi ƴan uwansu mata. Cewa mata sun fi neman wanda za su faɗa ma damuwarsu, wannan an same shi a bincike da yawa. Cewa sinadarin jiki ne ya sa, kamar yadda Taylor ta yi hasashe, wannan har yanzu ana ja a kai.

Tausayi kuma wani gwaji na 2001 a jami'ar Oregon ya nuna yadda abin ke da santsi. Kristi Klein da Sara Hodges sunka nuna ma ɗalibai bidiyon wata ɗaliba tana ba da labarin matsalar karatunta, anka ce su canki abin da ke ranta. Mata sun fi maza dacewa a lokacin da anka fara jawo hankalinsu ga tausayi. Da anka ce za a biya kuɗi kan kowace amsa da ta yi daidai, maza da mata duka sunka ƙara ƙoƙari kuma tazarar ta ɓace. Kenan iyawar na nan wurin maza, abin da ya bambanta shi ne wa ke jin aikinshi ne ya karanci fuskar mutane. Taimako ma hakanan ne, Alice Eagly da Maureen Crowley sun haɗa bincike da yawa a 1986 sunka ga maza sun fi kai ma baƙo ɗauki a hanya, musamman in da haɗari kuma ana kallo, amma jinya da kula da na kusa na tsawon lokaci, wanda mata ke ɗauke da mafi yawanshi, gwaje-gwajen ba su cika auna shi ba don ba a iya kawo shi ɗakin gwaji na minti 20.

Shi ƙawancen ma yana da gefe biyu. Amanda Rose ta jami'ar Missouri ta yi nazari a 2002 kan yara da matasa game da abin da za a iya kira tuƙa damuwa tare, aminai biyu su zauna kan matsala guda yau da gobe da jibi, mi ya sa bai kira ba, mi kalmar ga ke nufi, ba tare da an kai ga mafita ba. Ƴan mata sun fi yin haka, kuma yana ƙara danƙon zumunci, amma yana tafiya tare da ƙarin fargaba da ƙuncin rai. Hukumar lafiya ta duniya OMS na cewa ciwon ƙuncin rai ya fi yawa ga mata da kamar rabi a kan maza. Ba a ce hira da ƙawa ce ta kawo shi ba, talauci da cin zarafi da nauyin gida duka na ciki.

Wani zance da ƴan site ke rantsuwa a kai shi ne in mata sunka daɗe ɗaki guda al'adarsu kan haɗu. Asalinshi binciken Martha McClintock ne na 1971 kan ɗalibai 135 a kwalejin mata ta Wellesley. Daga baya anka gano kurakurai a lissafin, kuma wani nazari na 2006 kan ɗalibai 186 a ɗakunan kwana na wata jami'ar Sin bai samu komai ba in ba dace ba. Tunda kwanakin kowace ba ɗaya ba ne da na ƴar uwarta, dole wani wata su haɗu wani wata su rabu, na haɗuwar ake tunawa.

Kishi da gulma

Hausa na da karin magana biyu da ke ja da juna, kishi kumallon mata, da ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, kuma kowace akwai binciken da za a iya jingina ta da shi. A 1995 Nicki Crick da Jennifer Grotpeter sunka kawo batun cuta ta hanyar hulɗa, wato gulma, ware mutum, gaba, ɓata suna, sunka ce wannan ce hanyar faɗan ƴan mata. Zancen ya bazu ƙwarai. Amma a 2008 da Noel Card da abokan aikinshi sunka haɗa bincike 148 kan yara da matasa, sai ga shi a duka da zagi samari na gaba, a gulma da wariya kuwa tazarar ƴar mitsitsiya ce. Samari na yin biyun, ƴan mata sun fi tsayawa kan ɗaya, shi ya sa ake ganin kamar tasu ce su kaɗai.

Gwajin da masu cewa mata ba su son juna sunka fi kafa hujja da shi na 2011 ne a Kanada, na Tracy Vaillancourt da Aanchal Sharma. Anka zaunar da ɗalibai mata bibbiyu, sai wata budurwa ta shigo kamar da wani aiki, ga wasu cikin shiga ta kamun kai ga wasu cikin shiga mai nuna jiki, ana ɗaukar su a kamara. Mai shigar ta biyu ta sha harara da kallon sama da ƙasa da zance bayan ta fita. Masu binciken sun fassara shi da takarar neman miji. Ana iya fassara shi kuma da tsaron ƙa'idar wuri, don shigar ba ta dace da inda ake ba, kuma tunda babu maza a gwajin ba ya faɗin komai kan wa ya fi wani.

Takara da lissafi

A 2007 Muriel Niederle da Lise Vesterlund sunka ba ɗalibai 80 a jami'ar Pittsburgh aikin tara lambobi na minti 5. Maza da mata ƙoƙarinsu ya zo ɗaya. Sai anka ce kowa ya zaɓa, ko a biya shi kaɗan kan kowace amsa, ko ya shiga gasa ta mutum huɗu wanda ya ci ya kwashe da yawa sauran su tashi hannu wofi. Kashi 73 na maza sunka zaɓi gasa, mata kashi 35. Mata masu ƙoƙari sun yi asara da ƙin shiga, maza marasa ƙoƙari sun yi asara da shiga, don babban abin da ya tura su shi ne kowa na ganin shi zai ci.

Bayan shekara biyu Uri Gneezy da Kenneth Leonard da John List sunka kai irin gwajin wajen jami'a, da jefa ƙwallo cikin bokiti. Wurin Masai na Tanzaniya, inda iko ke hannun maza, wajen rabin maza sunka zaɓi gasa, mata kashi 26. Wurin Khasi na arewa maso gabashin Indiya, inda gado ke bin ɗiya mace, mata kashi 54 maza kashi 39. Mutanen duka ba su kai 200 ba, bai kamata a ɗora ma gwajin kayan da ya fi ƙarfinshi ba, amma ya isa ya nuna abin na iya juyawa.

Akwai kuma sanannen gwajin 1999 na jami'ar Michigan, inda mata masu ƙarfi a lissafi sunka yi ƙasa da anka ce masu jarrabawar ta saba nuna bambancin maza da mata, sunka yi daidai da maza da anka ce ba ta nunawa. Masu kare karatun mata na son kawo shi, sai dai adalci ya sa a faɗa cewa da anka maimaita shi a Holan a 2018 da ƴan sakandare fiye da 2,000 ba a samu tasirin ba. Wannan matsala ta fannin ce gaba ɗaya, a 2015 anka maimaita gwaji 100 da anka riga anka wallafa, wajen 36 kawai sunka sake ba da sakamako mai ƙarfi.

Halitta ko tarbiyya

Ɓangare guda, irin su David Buss, na cewa wasu bambance-bambancen gado ne daga tsawon tarihin ɗan Adam. Hujjarshi bincike ne na 1989 a al'ummomi 37, har da Najeriya da Zambiya, mutum fiye da 10,000, inda kusan ko'ina maza sunka fi ba ƙuruciya da kyau nauyi wajen zaɓen abokin aure, mata sunka fi ba abin hannu nauyi, ko da yake duka biyun kirki da hankali sunka sa a sama. Ɗaya ɓangaren, Alice Eagly da Wendy Wood, sun sake duba alƙaluman nan a 1999 sunka ce tazarar na raguwa a ƙasashen da mace ke da nata abin hannu, don haka rabon aiki ne ke gina hali, wadda ba ta da hanyar samu dole ta duba aljihun mai nemanta.

Sai kuma wani sakamako da ya dagula ma ɓangare na biyu lissafi. A 2018 Armin Falk da Johannes Hermle sun duba mutum wajen 80,000 a ƙasashe 76, sunka ga a halaye irin su haƙuri da yarda da mutane da shiga haɗari tazarar maza da mata ta fi girma a ƙasashe masu arziki da daidaito. Wasu na cewa in an samu ƴanci halitta ce ke fitowa. Wasu na cewa matsalar awo ce: inda maza da mata ke zaman rabe, in ka tambayi mace ko tana da haƙuri da sauran mata za ta gwada kanta, namiji ma da maza, sai tazarar ta ɓuya a takarda. Mafi yawan masana yanzu ba su cewa ɗaya ne zalla, gardamar a kan rabon kowane ne, kuma rabon na canzawa daga hali zuwa hali.

In an ƙetaro gadar Kennedy

Ɗalibar jami'ar Abdou Moumouni, ko ta Djibo Hamani a Tawa, ba irin waccan ta gwajin ba ce, kuma ba ita ce muwayen ɗin matan Nijar ba. Alƙaluman da UNICEF ke amfani da su na cewa kashi 76 na ƴan matan ƙasar ga na yin aure kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15, shi ya sa ma gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ɗiya mace a watan Disamban 2017. Wadda ta tsallake wannan, ta ci BEPC, ta ci bak, ta samu iyayen da sunka yarda ta bar gida ta zo Yamai, ta riga ta bi ta rariya mai ƙananan ƙofofi. Ce ma irin wagga ba ta son takara don wasu ɗalibai 40 a Pittsburgh zance ne da bai da tushe. Haka kuma abin da anka gani gare ta ba a iya shimfiɗa shi kan ƙanwarta da anka aurar a ƙauye.

Tsarin hulɗar ma daban ne. Samari na da fada, bakin titi, shayi har tsakar dare, kowa na ganinsu, har mai bincike Adeline Masquelier ta yi littafi guda a kai a 2019. Na mata cikin gida yake ko cikin ɗaki, foyandi, adashi, biki, gurup ɗin waya, kuma kuɗi na yawo ciki da ƙa'ida da tara. Tsarin asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991 a kan wannan amanar ya tsaya, har wasu ƙasashe sunka kwaikwaya. A shekarar dai, ranar 13 ga Mayu, mata sunka fito titin Yamai don an sa mace ɗaya tak a kwamitin shirya babban taron ƙasa, ranar da har yau ake tunawa kowace shekara. Mai auna haɗin kai da idon wanda ke tsaye a titi fada kawai zai gani.

Inda saƙonnin ke taɓa mutane kai tsaye shi ne wurin yanke shawara. Uban da ya yarda lissafi ba na mata ba ne zai karkatar da ɗiyarshi daga FAST, sashen kimiyya da fasaha na jami'a, ko EMIG, makarantar injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, ko da makinta ya kai. Malamin da ya ga ƴan mata ba su ɗaga hannu a amfi na iya ɗauka ba su gane ba. Wurin zaɓen wakilin klas ko shugabannin ƙungiyar ɗalibai, in wanda ya fito da kanshi kaɗai ake bi, abin da gwajin Pittsburgh ya nuna na iya faruwa, masu iyawa su ja baya masu ji da kai su cika wurin. Ita kanta ɗalibar da ta yarda ƴan uwanta maƙiyanta ne, abin da za ta rasa shi ne wanda bincike ya nuna yana da amfani: a 2017 Tara Dennehy da Nilanjana Dasgupta sun bi sabbin ɗalibai mata 150 na injiniya a jami'ar Massachusetts, waɗanda anka haɗa da babbar ɗaliba mace mai ja masu gora babu ko ɗaya da ta bar fannin a shekarar farko, waɗanda anka haɗa da namiji kashi 82 sunka tsaya, waɗanda ba a ba kowa ba kashi 89. Wannan ma Amurka ce kuma jami'a guda, sai dai abu ne da gwada shi a nan ba ya cin kuɗi, dama akwai yaya da ƙanwa a kowane ɗaki na site.

Sai masu rubuta memuwar, kundin kammala karatu, na lisansi da masta a sosiyoloji da sikoloji, waɗanda kan ɗauko takardar tambayoyi da anka tsara da Ingilishi, ta biyo ta Faransanci, su raba ma ɗaliban da ke tunani da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek. Tambaya irin ta kina iya duban babba cikin ido ki ce ba ki yarda ba, can alamar yarda da kai ce, nan kuma wadda ta ce a'a na iya zama ita ce uwar adashin mutum 20 da ba a isa a yi mata jinkirin zubi ba. Amsar na canzawa in malami ne ya miƙa takardar ko ƴar ɗakinsu, a amfi ne ko a ɗaki, da sunanta a sama ko babu. Kalmar kunya kaɗai in za a kai ta Faransanci sai an raba ta uku, ta wanda ya yi abin assha, ta kamun kai da girmama na gaba, da ta rashin sakewa cikin mutane, kuma ɗalibar da ta sunkuyar da kai ta yi shiru a amfi, takardar anket guri ɗaya take da shi na rubuta ta.